Shin projesteron yana ƙara girman nono ga matan da suka sauya jinsi?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina aiki a wani farmasi a Yamai shekara 7 ke nan, kuma ina neman shawarar manyanmu a kan wata tambaya da aka yi mini makon jiya, wadda na kasa amsawa yadda ya kamata. Wata mai sayen magani ce ta zo da yamma, ta jira har mutane suka ragu, sannan ta yi mini bayani cewa namiji aka haife ta amma ta sauya jinsi, tana zaune a Beljiyam, kuma ta zo ganin mahaifiyarta ne na wata 3. Ta nuna mini takardar likitanta na can, wadda ke ɗauke da estradiyol, wato sinadarin mata na estrojen, na shafawa a fata, wanda take amfani da shi wata 14 ke nan, da kuma wani magani na danne sinadarin maza.

Abin da ke damunta shi ne nono ya fara fitowa a watannin farko, sannan ya tsaya cak, kuma ƙawayenta na intanet sun gaya mata cewa wani sinadarin mata mai suna projesteron ne ke cika shi ya yi siffar na mace baliga. Ta nemi in sayar mata da Utrogestan, wato ƙwayar projesteron, na ƙi, domin ba ya cikin takardarta. Sai ta ce ai ta ji cewa allurar tazarar haihuwa ma projesteron ce, kuma samunta a garin nan ba ya da wuya. Wannan maganar ce ta tayar mini da hankali. Ina so in san ko akwai gaskiya a batun ƙara girman nonon, ko allurar da ƙwayar abu ɗaya ne, da kuma abin da ya dace in gaya mata idan ta dawo, don ta ce za ta dawo.

Hajiya Ungozoma ta Tawa ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka ƙi sayarwa. Zan bar wa likitoci bayanin nono, in yi magana a kan allura, domin ita ce nake yi wa mata kusan kowace rana. Allurar da ake kira Depo-Provera tana ɗauke da miligiram 150 na medroksiprojesteron, ana yin ta a tsoka duk bayan wata 3, ƙanwarta kuwa Sayana Press, wadda ta shigo Nijar a 2014, tana ɗauke da miligiram 104 kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta. Sinadarin da ke cikinsu haɗin masana'anta ne mai kwaikwayon aikin projesteron a wasu wurare na jiki, amma ginin ƙwayarsa ya bambanta da wanda jikin mace yake yi, kuma illolinsa ma daban suke.

Babbar matsalar allura ita ce da zarar ta shiga jiki ba a iya fitar da ita. Idan mai shan ƙwaya ta ga abin bai karɓe ta ba, gobe sai ta daina, amma wadda aka yi wa allura dole ta haƙura har maganin ya ƙare da kansa, kuma yakan wuce wata 3 ɗin da aka faɗa, shi ya sa muke gaya wa mata cewa ɗaukar ciki na iya jinkiri na watanni bayan allurar ƙarshe. An kuma san cewa yawan amfani da ita yana rage ƙarfin ƙashi. A zatona, jita-jitar ta samo asali ne daga ƙibar da wasu mata ke yi bayan allurar, domin idan jiki ya ciko, ƙirji ma yakan ciko, sai a ɗauka nono ne ya girma alhali kitse ne ya ƙaru ko'ina. Ka gaya mata a fili cewa kada ta yarda kowa ya soka mata wannan allura saboda nono.

Likitan Harobanda ya rubuta:

Na gode wa Hajiya, kuma ina tare da ita a kan duk abin da ta faɗa. Tambayarka ta farko ce mai wuyar, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Aikin gina nono sinadarai biyu ne suka raba shi. Estrojen ne ke tsawaita hanyoyin da ruwan nono zai bi, shi ne kuma ke tara kitse da naman da ke riƙe su, kuma mafi yawan girman da ido ke gani daga nan yake fitowa. Projesteron kuwa aikinsa shi ne fitar da ƙananan rassa da ƴan jakunkunan da za su riƙa yin ruwan nono, aikin da ba ya kammala sai mace ta samu juna biyu. Daga nan ne hujjar masu goyon bayansa ta taso, suna cewa tunda jikin mace yana da sinadaran biyu, bai kamata a ba mai sauya jinsi ɗaya a hana ta ɗaya ba. A 2019 wata likitar Kanada, Jerilynn Prior, ta rubuta maƙala tana kare wannan ra'ayi, kuma maƙalar ta yi farin jini ƙwarai a intanet, sai dai ra'ayin masaniya ne da aka gina a kan abin da aka sani game da sauran mata, babu gwajin da aka yi a kan masu sauya jinsi a cikinta.

Mu dubi yadda abin yake faruwa ga ƴaƴanmu mata. Yarinya takan fara ƙirgar dangi tsakanin shekara 8 zuwa 13, al'ada kuwa ba ta zuwa sai bayan kimanin shekara 2 ko fiye, kuma a watannin farko na al'adar sau da yawa ba a sakin ƙwai. Tunda projesteron ba ya samuwa da yawa sai bayan an saki ƙwai, ka ga ke nan nonon budurwa yana yin mafi yawan tafiyarsa kafin wannan sinadari ya iso. Akwai kuma wata halitta da ba a cika samu ba, inda ake haihuwar yarinya da ƙwayoyin gado irin na namiji amma jikinta ba ya jin sinadarin maza ko kaɗan. Irin waɗannan mata ba su da mahaifa, ba su da ma'ajiyar ƙwai, saboda haka projesteron ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, amma duk da haka sukan yi cikakken nono. Haka kuma idan muna taimakon yarinya mai larurar Turner, wadda ke hana ma'ajiyar ƙwai aiki yadda ya kamata, ta balaga, da ɗan ƙaramin estrojen muke farawa, muna ƙarawa sannu a hankali, ba ma saka projesteron sai bayan kimanin shekara 2 ko kuma idan jini ya fara zuwa, kuma dalilin saka shi shi ne kare mahaifa. Wasu likitoci ma suna tsoron cewa gaggawar saka shi na iya tsayar da girman nono da wuri ko ya ɓata siffarsa, ko da yake wannan tsoro shi ma bai samu tabbataccen gwaji ba.

Game da masu sauya jinsi su kansu, ƙa'idojin ƙungiyar likitocin hormon (sinadaran jiki irin su estrojen) ta Amurka na 2017 sun ce nono yakan fara fitowa bayan wata 3 zuwa 6 da fara magani, kuma ba ya kai iyakarsa sai bayan shekara 2 zuwa 3. Wani bincike da aka buga a 2018 ya bi mutum 229 a asibitocin Turai, har da na Amsterdam da na Gent a Beljiyam, aka ga cewa mafi yawan girman yana faruwa ne a wata 6 na farko, kuma bayan shekara guda kusan rabinsu ba su cika mafi ƙanƙantar rigar mama ba, kimanin 1 cikin 10 ne kawai suka kai lamba A ko fiye. Saboda haka abin da baƙuwarka ke kuka da shi shi ne abin da aka saba gani, kuma a wata 14 ba ta kai ƙarshen tafiya ba. Ka ƙara da cewa ƙirjin da ya balaga a ƙarƙashin sinadarin maza ya fi faɗi, nonuwan sukan yi nesa da juna, sai girman da zai fito sarai a jikin wata ya ɓace a nata. Gado da nauyin jiki da shekarun da aka fara magani duk suna da hannu a ciki.

Wani ƙaramin bincike da aka yi a Amurka a 1986 bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka ƙara wa medroksiprojesteron da waɗanda ba a ƙara wa ba. A 2014 likitocin Gent da Amsterdam sun tattara abin da aka rubuta, suka ce babu shaidar da ta nuna yana ƙara girman nono, kuma ƙa'idojin 2022 na WPATH, ƙungiyar duniya ta masu kula da lafiyar masu sauya jinsi, sun ce shaidar ba ta isa a ba da shawarar amfani da shi ba. Ina roƙonka ka duba sunan maganin nan na danne sinadarin maza da take sha. Idan Androcur ne, kamar yadda aka saba bayarwa a Turai, to ta riga tana shan wani mai ƙarfi daga cikin dangin projesteron ba tare da ta sani ba.

Ɗaliba daga Abdu Mumuni ta rubuta:

Dokta, Allah ya ƙara basira, na ƙaru ƙwarai da bayaninka. Da girmamawa nake so in ƙara wani abu da ya fito bayan ƙa'idojin 2022, domin ina ganin shi ne ƙawayen baƙuwar suke dogara da shi. Asibitin jami'ar Amsterdam ya yi gwaji a kan mata 90 da suka sauya jinsi, waɗanda aka raba rukuni 6 ta hanyar ƙuri'a. Wasu ba a ba su projesteron ba, wasu an ba su miligiram 200 a rana, wasu 400, kuma a kowane mataki akwai waɗanda aka bar musu estradiyol yadda yake da waɗanda aka ƙara musu. An bi su wata 12 ana auna girman nono da na'urar ɗaukar hoto mai fitar da tsawo da faɗi da tudu, wadda ta fi igiyar tela da aka yi amfani da ita a tsofaffin bincike daidaito nesa ba kusa ba. A 2025 aka bayyana cewa an samu ƙarin girma har zuwa kimanin kashi 30 cikin 100, mafi yawa ga waɗanda aka haɗa wa projesteron da ƙarin estradiyol, kuma sun fi nuna gamsuwa da siffar ƙirjinsu. Illolin da aka fi ambata su ne kasala da ciwon kan nono da sauyin yanayin rai. Ashe ke nan ba za a ci gaba da cewa babu shaida ba?

Likitan Harobanda ya rubuta:

Kin yi gaskiya, ƴata, kuma na ji daɗin wannan gyara. Gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a ya fi duk abin da na ambata nauyi, don haka yanzu abin da ya dace mu ce shi ne akwai shaidar farko da ke nuna cewa yana iya ƙara wani abu. Sai dai ki lura da waɗanda aka gwada a kansu. Dukkansu an riga an yi musu aikin cire ƴaƴan maraina, kuma sun shafe aƙalla shekara guda a kan estradiyol, wato ba sa bukatar maganin danne sinadarin maza. Baƙuwar Ɗan Bukoki ba ta cikin wannan sahu, tunda har yanzu tana shansa. Kuma kowa a cikin gwajin ya san abin da aka ba shi, wanda hakan ba zai canja ma'aunin na'ura ba, amma yana iya canja amsar da mutum zai bayar idan aka tambaye shi ko ya gamsu.

Sannan ki yi lissafin kashi 30 ɗin. Idan nono ya kai mililita 100, ƙarin kashi 30 zai kai shi 130, wato bambancin cokalin cin abinci biyu ne. Ga mai abin wannan na iya zama babba, ban raina shi ba, amma bai kai abin da ake zuzutawa a intanet ba. Kowace mace ta san nono yakan kumbura ya yi nauyi kafin al'ada sannan ya saɓe, kuma projesteron na da hannu a wannan, saboda haka tambayar da nake jira a amsa ita ce nawa ne daga cikin ƙarin zai zauna bayan an daina shan maganin.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum 90 a cikin shekara guda ba za su iya nuna mana haɗarin da ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana ba. A 2002 an dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai ɗauke da mata fiye da 16,000 da suka daina al'ada, domin waɗanda aka haɗa wa estrojen da medroksiprojesteron sun fi samun sankarar mama da gudan jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a Faransa daga baya ya nuna cewa projesteron irin na jiki, wato wanda ke cikin Utrogestan, ya fi haɗin masana'anta sauƙi ta wannan fuska, amma a kan tsofaffin mata masu mahaifa aka yi shi. Game da masu sauya jinsi, wani binciken Holan na 2019 ya bi mutum 2,260, ya samu 15 da sankarar mama mai yaɗuwa, adadin da ya ninka na sauran maza kusan sau 46 amma bai kai na sauran mata ba. Duk wadda ta fitar da nono ta shiga sahun masu bukatar a riƙa duba shi.

Alhaji Tsohon Mai Magani ya rubuta:

Ina da ra'ayina a kan sauya jinsi ta fuskar addini, amma ba shi aka tambaya ba, kuma wanda ya tsaya gaban kantarmu haƙƙinsa ne mu gaya masa gaskiyar magani mu kuma rufa masa asiri. Ɗana, kada maganar nan ta fita daga bakinka zuwa ga abokan aiki ko ƴan unguwa, ka san yadda garinmu yake.

Zan ƙara abin da ya shafi sana'armu. Utrogestan maganin Faransa ne da ya fito tun 1980, ƴar ƙwaya mai taushi ta miligiram 100 ko 200, kuma a cikin mai aka narkar da sinadarin. A da man gujiya ake amfani da shi, daga baya aka koma man furen rana, amma wasu kamfanonin har yanzu na gujiya suke sakawa, don haka a riƙa karanta takardar da ke cikin kwali saboda masu borin jini. Idan aka haɗiye shi, hanta tana juya wani sashe zuwa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake kawo barci da jiri, kuma shi ya sa likitoci ke cewa a sha lokacin kwanciya. Wanda ya sha da safe ya hau babur a titin Yamai ya saka ransa cikin haɗari. Tsorona shi ne idan ka hana ta, ta nufi masu tallan magani a tire, inda ƙwaya mai taushi ke wuni cikin ranar Afrilu mai wuce digiri 40, kuma inda za a iya miƙa mata ƙwayar tazarar haihuwa a ce duk ɗaya ne. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da etinil-estradiyol, wani estrojen haɗin masana'anta, wanda likitoci suka daina ba masu sauya jinsi tun tuni saboda yawan gudan jinin da yake jawowa, balle ga wadda za ta zauna awanni a jirgi zuwa Turai.

A kan Androcur da Dokta ya ambata, hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi a 2020 saboda wani ƙari da yake iya tsirarwa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, musamman ga masu shan miligiram 25 ko fiye a rana na tsawon shekaru. A 2024 wani binciken Faransa ya danganta allurar medroksiprojesteron da irin wannan ƙari, amma bai ga haka ga projesteron irin na jiki ba. Ka ga ke nan haɗa Androcur da Depo-Provera tara haɗari biyu ne wuri guda. Androcur yana kuma iya taɓa hanta, mu kuwa ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, saboda haka ka tambaye ta ko ta taɓa yin gwajinsa, da kuma ko akwai amosanin jini ko tarihin gudan jini ko sankarar mama a danginsu.

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, iyayena da ƙanwata. Ta dawo jiya da dare, kuma hasashen Dokta ya yi daidai, Androcur take sha. Na karanta mata bayanan nan daga wayata, ta yi mamakin jin cewa shi ma ɗan gidan projesteron ne, kuma hankalinta ya ɗan kwanta da ta ji cewa girman na iya ci gaba har shekara 2 zuwa 3. Ta amince ta bar maganar allura, ta kuma rubuta wa likitanta saƙo a gabana tana neman su tattauna gwajin Amsterdam idan ta koma. Ta faɗa mini tana shan shisha kusan kullum, na ce mata ta saka wannan ma a cikin saƙon. Kafin ta fita ta yi wata tambayar da ban amsa ba, wai ƙanwar mahaifiyarta ta ce hulba tana da projesteron na asali, kuma da ita ake gyaran nono a gida. Alhaji, mene ne gaskiyar wannan?

Alhaji Tsohon Mai Magani ya rubuta:

Babu projesteron a cikin hulba, ɗana. Abin da ke cikinta wani sinadari ne mai suna diyosjenin, wanda ake samu da yawa a wata doyar daji ta Meksiko, kuma daga wannan doya ne wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, Russell Marker, ya gano hanyar ƙera projesteron mai araha a farkon shekarun 1940. Sai dai juyawar tana bukatar matakai da dama a ɗakin gwaji, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya yin ta da kansa, ko da mutum ya sha hulba kwano guda. Idan ana dama ta da madara da alkama ana sha kullum, jiki na iya ciko, wato mun dawo kan ƙibar da Hajiya ta yi bayani. Kaɗan a cikin abinci ba ya da laifi ga mai lafiya, amma mai yawa yana iya saukar da sukarin jini ya kuma sa gudawa, kuma wanda gujiya ke sa wa borin jini ya yi hattara da ita, domin danginsu ɗaya.